Me ya sa katakon biro yake tsagewa wajen huda?

Malam, ka ce da ka fara huda guntun mpingo, baƙin katakon nan na Tanzaniya, don sassaƙa biro a injin juya katako, sai ya tsage. Zafi ne. Katakon ya yi tauri da nauyi har nutsewa yake a ruwa, garinsa kuma toshe rami yake. Rage gudun inji zuwa wajen juyi 500 a minti, ka riƙa zaro ƙarfen huda kana kakkaɓewa bayan kowane santimita. In ƙarfen ya ƙona maka yatsa, dakata ya huce. Kafin manna bututun tagulla mai milimita 7 da ake sawa a cikin biron, goge ramin da asiton, ruwan sinadari mai cire maiƙo, don katakon yana da maiƙo. Ni da madobiya na koyi hannu, ta fi araha. Ƙurar dai, sa takunkumi.