Sa'a nawa jirgi ke yi daga Sakkwato zuwa Jidda?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Bana Allah Ya kira Innarmu Makka, kuma ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. Ga ciwon gwiwa, ga ciwon suga. Yayana ya ce sa'a biyar ce zuwa Jidda, maƙwabciyarmu kuwa ta rantse bakwai ta yi. Wa ke da gaskiya? Daga wata 'yar uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: 'Yar uwa, Allah Ya kai Inna lafiya. Mai yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa.

Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda, in aka miƙe ta sararin Nijar, Chadi da Sudan aka tsallake Bahar Maliya, kimanin kilomita 3,700 ne. Madina ta ɗan ɗara haka. Babban jirgin fasinja kan ci wajen kilomita 850 a sa'a, in an haɗa da tashi da sauka za a doshi sa'a biyar. Lissafin yayanki ke nan.

Amma agogon Saudiyya yana gaban namu da sa'a biyu. Shekarar da na raka gwaggona, mun tashi sha biyun dare, muna sauka agogon hannuna na nuna biyar, na bangon filin jirgi na nuna bakwai, gari ya waye tangaran. Har muka dawo gida gwaggo ba ta daina cewa sa'a bakwai muka yi a sama ba. Sa'an nan lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo da gaske. Don haka ki shirya wa Inna kamar bakwai ɗin za ta yi.

Abin da ya fi damuna ma ba zaman jirgin ba ne. Jiran sansanin alhazai da layin duba fasfo sukan fi tafiyar kanta cin rai. Maganinta na suga ya kasance cikin ƙaramar jakar da ke rataye a wuyanta, kada ya shiga babbar jakar da ake aunawa. Ki sa mata dabino da biskit kusa da hannu.

Na ga tsofaffi da dama sun ƙi shan ruwa a jirgi don tsoron bayan gidansa. Gwaggona haka ta yi, ta sauka da jiri, ƙafafu sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Ki zaunar da Inna tun yanzu ki kwatanta mata yadda ake buɗe ƙofar da inda ake dannawa ruwa ya wanke. Ki kuma haɗa ta da wata mai sauran ƙarfi cikin ayarinsu, wadda za ta riƙa kama hannunta suna ɗan takawa tsakanin kujeru idan an kashe fitilar ɗaura bel.