Tsakanin PHP, Django da Node.js, da wanne mai koyo zai fara?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son fara gina shafukan intanet, kana neman wanda ya fi sauƙin koyo da sauƙin ɗorawa tsakanin PHP, Django da Node.js. Na yi aiki da dukansu ukun, kuma shawarata ka fara da PHP, duk da cewa ba shi ya fi daɗin rubutawa ba.

In koyo kaɗai ake magana, Python, yaren da ake rubuta Django da shi, ya fi saurin shiga kai, Django kuma ya zo da kayansa a haɗe: shafin gudanarwa, rajistar masu shiga, da kariya daga kurakuran tsaro da sabon shiga kan tafka. A gidan jarida aka ƙirƙiro shi, a jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi a 2005, kuma za ka ga alamar mutanen da kullum lokaci ke kora. Na taɓa haɗa wa wata Islamiyya rajistar ɗalibai da shi cikin 'yan kwanaki, har yau ina yaba shi.

Wahalar tana zuwa ne ranar da mai aiki ya ce, "To, ina son in gani a wayata." Django ɗin da ke tafiya lafiya a kwamfutarka sai ka nema masa saba (kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet), ka shiga cikinta daga nesa ta SSH, ka saita Gunicorn mai gudanar da manhajar, ka sa Nginx mai karɓar masu ziyara a gabansa, ka haɗa takardar tsaro ta Let's Encrypt. Da ka kashe DEBUG, wato yanayin gwaji, sai shafin ya fito tsirara, babu launi babu tsari, domin ba ka tattara fayilolin ado da umarnin collectstatic ba. Na ga yara masu ƙwazo da yawa sun karaya a daidai wannan gaɓar, abin yana damuna. Galibin irin waɗannan sabobin kuma da dala ake biya. Da can Heroku, dandalin ɗora manhajoji, ne mafakar masu koyo, amma ya rufe tsarinsa na kyauta a Nuwamban 2022. PythonAnywhere yana da na kyauta, ya isa gwaji.

PHP kuwa, ka sayi ƙaramin hostin (wurin ajiye shafi a intanet) mai allon sarrafawa na cPanel da nairarka, ka zuba fayiloli a foldar public_html, ka buɗe rumbun bayanai na MySQL, ka shigar da bayananka ta phpMyAdmin, ka gyara kalmar sirri. Kafin la'asar shafi ya hau. Ga shi WordPress, sanannen tsarin haɗa shafuka, da PHP aka rubuta shi, don haka aikin gyara ba ya yankewa.

Node.js, wanda ke gudanar da JavaScript a kan saba, ka ajiye shi tukuna. JavaScript dai dole ka koya saboda burauza, amma npm, mai sauko da kayan haɗin Node.js, yana shan data, kuma sai ka sa wani abu kamar PM2 ya riƙa tayar da manhajar in ta faɗi.

Ka sauke XAMPP, manhajar da ke gudanar da PHP a kwamfutarka, yana aiki ko babu intanet. Ka rubuta PHP zalla na wata biyu ko uku, ka saba da PDO, hanyar PHP ta magana da rumbun bayanai, kada ka taɓa liƙa abin da mutum ya rubuta a fom kai tsaye cikin umarnin SQL. Bayan nan ka shiga Laravel, tsarin gina shafuka da PHP. Ranar da za ka ɗora shi a cPanel, foldar public kaɗai za ta fuskanci waje; fayil ɗin .env, inda kalmomin sirrinka suke, ka bar shi a wajen public_html.