Addu'a Ba Fasawa a Bakin Sana'a

Tambaya: Ni mai sayar da hatsi ce, tun safe har yamma ina kan awo a kasuwa. Yaya zan cika umarnin Manzo Bulus a 1 Tasalonikawa 5:17 na yin addu'a ba fasawa?

Amsa: 'Yar'uwa, ki duba Nehemiya 2:4. Nehemiya yana tsaye gaban sarki a bakin aikinsa aka tambaye shi abin da yake bukata, sai ya roƙi Allah kafin ya ba da amsa. Ke ma, sa'ad da kike cika mudu, kina iya yi wa mai sayen addu'a a zuci, musamman wadda kika ga tana kwance bakin zanenta tana ƙirga 'yan kuɗin da ba su kai ba. Duk da haka, ina ba ki shawara ki keɓe lokacin addu'a da asuba, kafin ki fita.