Tambayi Likita: Kula da Tsofaffi, a Gida ko a Gidan Jinya

Tambaya: Likita, mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki bara. Duk muna aiki a Abuja, muna shawarar kai ta gidan kula da tsofaffi a can, amma dangi sun ce abin kunya ne. Me za mu duba?
Daga wani ɗan Jekadafari, Gombe

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar kunya ku da dangi za ku yanke, amma na sha ganin tsohuwa a ƙuryar gida mai mutum 20, bayanta duk gyambo don an rasa mai juya ta.

Ku je gidan kula da tsofaffin ba sanarwa, da dare ko da sassafe. In zarnin fitsari ya tare ku tun daga ƙofa, ba a canza shimfiɗa a kan kari. Ku ƙirga masu aikin dare, ku ƙirga gadaje. Ku nemi ganin takardar rajistar gidan da lasisin nas ɗin da ke ba da magani, da littafin da ake rubuta kowace ƙwaya da lokacinta. Wanda ba ya iya motsi ana juya shi kusan duk bayan awa 2, a duba ƙugu da duga-dugai, don nan gyambon kwanciya ke farawa. In jiki ya rikice tsakar dare, wane asibiti suke kai mutum, kuma da wace mota? Mace ce za ta yi mata wanka? Akwai mai taimaka mata da alwala? Wannan ma jinya ce.

Dokar 2017 ta kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, amma kada ku jira jami'i ya duba muku. Gidan da ya hana ku ziyara sai da izini, ku bar shi.

Tambaya: Babanmu ɗan shekara 78 ya faɗi sau biyu a banɗaki wajen alwalar asuba.
Daga Maman Khalifa, Yalwa, Bauchi

Amsa: Maman Khalifa, faɗuwa biyu gargaɗi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 3 na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa a kowace shekara. Tayil ɗin nan mai sheƙi da muke yayi ba abokin tsoho ba ne. A shimfiɗa roba mai hana santsi, a kafa ƙarfen riƙo a bango, a ajiye masa kujerar alwala da fitila mai caji. In ya farka ya ɗan zauna bakin gado kafin ya miƙe, musamman in yana shan maganin hawan jini. A duba idonsa ko yanar ido ce. In kuwa ya faɗi ya kasa taka ƙafa, kada a nufi wajen mai ɗori, a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a ɗauki hoton ƙugu.

Tambaya: Kakanmu na fama da gigin tsufa, yana ficewa ya ɓace. Yayyena sun fara kulle shi a ɗaki.
Daga wata jika, Kumo

Amsa: 'Yata, ki roƙe su su daina. Kulle yana ƙara masa firgici da faɗa. In ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko suga, ko ƙarancin ruwa a jiki, balle a zafin Maris da Afrilu, kuma duk suna da magani. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Kafin nan a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, a saka takarda mai lambar wayarku a aljihunsa, a sanar da maƙwabta da limamin unguwa, a kuma sami jikan da zai riƙa raka shi masallaci.