Tambaya da Amsa: Idan manhaja kyauta ce, daga aljihun wa ake biya?

Wasiƙun wannan fitowar sun zo ne daga masu gina manhaja da guminsu, waɗanda babu mai zuba jari a bayansu. Tambayoyin duk sun taru a kan tsarin da ake kira firimiyam: a ba kowa wani sashe na manhaja kyauta ba tare da wa'adi ba, wanda yake son ƙari ya biya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kammala wata manhaja da ƙananan 'yan kasuwa za su riƙa rubuta rasit da bin bashi da ita. Ni kaɗai ne, jarina shi ne abin da nake ragewa daga albashi. Abokaina sun ce in sake ta kyauta mutane su cika tukuna, kuɗi zai biyo baya. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka bi shawararsu ɗauko biro da takarda. Mai amfani da sashen kyauta ba ya ba ka ko sisi, amma kai kana kashe masa kuɗi duk wata. Akwai hayar kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, wadda ake kira saba. Akwai wurin ajiye bayanansa, da imel ɗin da manhajar ke aikawa a madadinsa, da saƙon tes na tantance lambar waya. Sannan akwai lokacinka, wanda shi ne mafi tsada kuma shi aka fi mantawa da shi a lissafi.

Mu ƙaddara kana da mutum 5,000 a sashen kyauta, kowanne yana cin santi 10 a wata (santi 100 ne dala ɗaya). Dala 500 ke nan ta fita. A ce ka samu mutum 100 masu biyan dala 10, ka tara dala 1,000. Kamfanin da ke karɓar maka kuɗi ta kati zai cire nasa. Farashin Stripe a Amurka kashi 2.9 cikin 100 ne da ƙarin santi 30 a kowane biya, wato santi 59 a kan dala 10, jimla dala 59. Masu biyan ma suna da nasu nauyin, mu sa dala 1 kowanne, dala 100. Abin da ya rage a hannunka dala 341. Yanzu mayar da santi 10 ɗin nan ya zama 17, ka sake lissafin: ribar ta ƙare, ka fara cikawa daga albashinka. Kuma a wannan tsarin, yawan jama'a ba ya rage asarar, ƙara ta yake yi.

Masu ba da irin wannan shawara sukan kafa hujja da Mailchimp, manhajar aika imel na talla ga abokan ciniki, kuma labarin gaskiya ne. Ben Chestnut da Dan Kurzius sun gina shi a birnin Atlanta ba tare da kuɗin masu zuba jari ba, kuma a 2021 kamfanin Intuit ya saye shi a kan kusan dala biliyan 12. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sun fara a 2001, amma sai a 2009 suka buɗe sashen kyauta. Shekara takwas suna karɓar kuɗi, sun san abin da kowane mai amfani yake ci musu, suna da ribar da za ta ɗauki nauyin baƙi. Da suka buɗe, cikin shekara guda masu amfani suka tashi daga 85,000 zuwa 450,000. Wanda bai da wannan ribar a ƙasa, irin wannan cikar ita za ta durƙusar da shi.

Shawararmu ita ce ka fara da gwaji mai wa'adi, kwana 14 ko 30, bayansa a biya. Nemi masu biya talatin na farko da bakinka, ɗaya bayan ɗaya, ka ga yadda suke amfani da ita. Bayan wata uku za ka iya raba kuɗin da ka kashe da yawan masu amfani, ka san nauyin kowanne. Sai a lokacin za ka duba ko kyauta ta dace da kai. Manhajarka tana da wata dama da ba kowacce ke da ita ba: duk rasit ɗin da aka rubuta da ita hannun wani yake shiga, sau da yawa shi ma ɗan kasuwa ne. Ka sa sunan manhajar a ƙasan rasit ɗin kyauta, ka sa cire shi ya zama na masu biya. Haka Mailchimp ya yi da tambarinsa a ƙasan imel ɗin kyauta. Ta nan ne mai kyauta yake biyan hayarsa, da tallar da yake yi maka.

TAMBAYA: Ina da manhajar tsara lokacin ganawa tsakanin masu sana'a da abokan cinikinsu. Mutum 4,000 sun yi rajista, 15 kacal suke biya. Shin na ba da abu da yawa ne a kyauta? A ina ya kamata in ja layi?

AMSA: Malama, fara da gyara alƙaluman. Rajista daban, amfani daban. Cikin 4,000 ɗin nan, nawa ne suka tsara ganawa ko da guda biyar a cikin kwana 30 da suka wuce? Idan 300 ne, to masu biyanki 15 cikin 300 ne, kashi 5 cikin 100, kuma wannan ba abin raini ba ne. Ciwon sai ya zama a bakin ƙofa yake: mutane suna shigowa su juya tun ba su ga amfanin abin ba. Maganin wannan shi ne rage matakan da ke tsakanin rajista da ganawar farko, ba taɓa farashi ba. Zauna kusa da mutum biyar da ba su taɓa ganin manhajar ba, ki ce su tsara ganawa, ki yi shiru ki kalli inda yatsansu ke tsayawa.

Idan kuwa masu amfani na gaske sun kai 2,000, to lallai layinki ya yi nisa. Layi mai kyau shi ne wanda mutum yake isa gare shi daidai lokacin da manhajar ta zama masa dole. Dubi yadda manya suka ja nasu. Zoom yana barin taro kyauta, amma a minti 40 yake yankewa: ya isa gaisuwa da ɗan bayani, bai isa darasi ko zaman shugabanni ba. Slack, manhajar musayar saƙo tsakanin abokan aiki, tun Satumban 2022 yana nuna wa masu kyauta saƙonnin kwana 90 na baya kawai, don haka ranar da ma'aikata suka nemi shawarar da aka yanke bara, ranar suke jin buƙatar biya. Dropbox, ma'ajiyar fayiloli a intanet, ya tsaya a gigabait 2. Babu wanda ya hana mutum ɗanɗanar ainihin amfanin abin. Yawan amfani suka iyakance.

Ke ma haka za ki yi, kuma bayanan suna hannunki. Fitar da jerin masu amfani na gaske na wata uku, tare da adadin ganawar da kowa ya tsara a wata, ki jera daga ƙarami zuwa babba. Nemi inda kashi 10 zuwa 20 na sama suka fara. Idan a ganawa 40 ne, to nan kusa layinki yake, don wanda yake tsara ganawa 40 a wata yana samun kuɗi da manhajarki. Abubuwan da sai sana'a ta girma ake nemansu, kamar ƙara ma'aikaci na biyu ko aika tunatarwa ta saƙon tes, su ma a sa su bayan layi. Na tes ɗin musamman, tunda kowane saƙo kuɗi ne ke fita daga aljihunki.

Hattara da abu biyu. Kada iyakar ta faɗo wa mutum kwatsam yana tsakiyar aiki da abokin ciniki a gabansa. In ya kai ganawa 32 cikin 40, manhajar ta sanar da shi. Kuma kada ki taɓa kulle wa mutum bayanansa don ki tilasta masa biya. Ya iya gani, ya iya kwashewa, sabo ne kawai ba zai iya ƙarawa ba. Wanda aka riƙe wa kaya zai biya sau ɗaya, ya fita yana ɓata miki suna.

Sannan ki kira mutum 15 ɗin nan, dukkansu. Tambaya ɗaya: me ya faru ranar da kika ko ka yanke shawarar biya?

TAMBAYA: Asusun bogi sun cika mini manhaja, kuma masu kyauta sun fi kowa aiko da ƙorafi. Ba na samun lokacin gyara komai.

AMSA: Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne. Heroku, kamfanin da ke ba da hayar saba, duk da girmansa, ya rufe sashensa na kyauta a ranar 28 ga Nuwamban 2022, kuma cikin dalilan da ya bayar har da zamba da cin zarafin tsarin. Tun ran gini tun ran zane. Kada asusu ya fara aiki sai an tabbatar da imel. A toshe adireshin imel na wucin gadi. A iyakance yawan asusun da za a buɗe daga wuri ɗaya a rana, da yawan saƙon da sabon asusu zai iya aikawa a makonsa na farko. Idan manhajarka tana aika imel a madadin mutane, raba hanyar aikawar masu kyauta da ta masu biya. Gmail yana so ƙorafin saƙon banza ya tsaya ƙasa da kashi 0.3 cikin 100, kuma 'yan damfara ƙalilan sun isa su ja sunanka ya lalace, imel ɗin masu biyanka ya daina isa.

Game da ƙorafi, tattara tambayoyi ashirin da aka fi maimaitawa, rubuta amsarsu da hotuna, sa su a cikin manhajar daidai inda ake makalewa. Faɗa a fili cewa amsar kai tsaye cikin kwana ɗaya ta masu biya ce. Babu rashin mutunci a wannan, matuƙar ka faɗa tun farko.

TAMBAYA: Zan iya rage abin da nake bayarwa kyauta bayan mutane sun saba?

AMSA: Za ka iya, kuma an sha yi. Evernote, manhajar adana rubuce-rubuce, a Disamban 2023 ya mayar da sashen kyauta zuwa rubutu 50 da kundi ɗaya. Amma kai ba ka da suna irin nasa da zai sha duka ya tsaya. Fara aiwatar da sabuwar iyakar a kan sabbin masu rajista. Tsofaffi ka ba su sanarwar wata biyu, ka faɗi dalilin da gaske, ka ba su rangwame na shekarar farko da hanyar kwashe bayanansu.

TAMBAYA: Duk wata ina samun sabbin masu biya kusan goma, amma wata shida ke nan kuɗin shigata suna nan inda suke. Ina kuɗin ke tafiya?

AMSA: Malam, tulunka yana yoyo, kana zubawa ta sama yana fita ta ƙasa. Ƙidaya masu biyan da kake da su ranar 1 ga wata, ka ƙidaya nawa cikinsu suka daina kafin ƙarshensa. Idan kashi 5 cikin 100 ne, kada ka raina shi: cikin mutum 100, bayan shekara guda mutum 54 ne za su rage. Kuma wannan adadin shi ke yanke maka iyakar girma. Raba sabbin da kake samu a wata da kason masu ficewa. Goma a kan kashi 5 ya ba da 200. Da ka kai masu biya 200, goma ke shiga goma ke fita, nan za ka tsaya komai tallar da ka yi. Rage ficewar zuwa kashi 2.5, iyakar ta koma 400 ba tare da ka ƙara ko mutum ɗaya a kan goman ba.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wasu dole su tafi. Amma ka raba masu tafiyar gida biyu. Akwai waɗanda ba su yi niyyar tafiya ba, katinsu ne ya ƙare ko banki ya ƙi biya. Su ne mafi sauƙin dawowa. Saita manhajar ta sake gwada cirar kuɗin bayan kwana 1, da 3, da 7, tana aika imel kowane karo da mahaɗin sabunta kati, kuma kada ta rufe asusun sai bayan mako biyu. Akwai kuma waɗanda suka soke da kansu. Sa musu tambaya ɗaya a shafin sokewa, ka karanta amsoshin da idonka duk ƙarshen mako. Duba kuma ko suna komawa sashen kyauta ne su ci gaba da aikinsu lafiya. In haka ne, kyautarka ce ke cinye cinikinka, sai ka matso da layin.

Duba farashinka ma. Santi 30 ɗin nan na kowane biya ba ya raguwa don farashi ya yi ƙasa: a kan dala 3, kusan kashi 13 cikin 100 ke tafiya wa mai karɓar kuɗi. Idan ta kantin manhajoji na Apple kake sayarwa, kason kashi 30 ne, amma wanda cinikinsa bai kai dala miliyan 1 a shekara ba yana iya neman shiga shirin ƙananan 'yan kasuwa a mayar masa da shi kashi 15. Nema ake yi, ba ya zuwa da kansa.

Ka kuma buɗe biyan shekara, wata 12 a farashin wata 10. Mai biyan shekara sau ɗaya yake tunanin fita maimakon sau goma sha biyu, kuma kuɗin yana zuwa maka a dunƙule lokacin da ba ka da wani jari. Sai dai ka ajiye shi a asusu na daban, domin aikin wata goma sha biyu ne aka biya ka kafin ka yi, kuma wani zai iya neman a mayar masa da ragowarsa a wata na huɗu. Ciri kaso ɗaya cikin goma sha biyu duk farkon wata, da shi za ka biya hayar saba.