Jak ba ya ba ka ƙarfi kyauta

Jiya da muke canza tayar Hilux ɗin nan, ka tsaya da sandar jak a hannu ka ce, "Oga, ni da buhun siminti ɗaya ke ba ni wuya, ta yaya na ɗaga motar nan da hannu guda?" Na ce ka bari sai an tashi, don mai motar na tsaye a kanmu yana ta duban agogo. Yau da safe kuma ka ƙaro ta biyu, wai me ya sa muke ɓata lokaci wajen fitar da iska daga birki. To jawo bencin nan ka zauna, ɗana. Tambayoyin nan naka uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Da ka kafa jak ɗin a ƙasa, me ya fara faruwa? Maimakon mota ta hau, jak ɗin ne ya riƙa lumewa, don ƙasar Gombe ka san ta, yashi ce. Na ce ka sa katako a ƙarƙashinsa, ka sa, ya tsaya cak. Motar ba ta ragu da ko kilo ɗaya ba, wurin da nauyin ya sauka ne ya faɗaɗa. Wannan shi ne matsi: ƙarfin da aka danna, a raba shi da faɗin wurin da ya sauka. Shi ya sa mai ɗaukar kaya ke naɗa gammo, shi ya sa raƙumi ke ratsa rairayi da kaya niƙi-niƙi, jaki kuwa kofatonsa na nutsewa. Riƙe wannan, mu shiga cikin jak.

Ka tuna tsohon da muka kwance muka sake wa roba? Fistin biyu ka gani a ciki. Ƙaramin, wanda sanda ke dannawa, faɗin bakinsa wajen santimita 1 ne. Babban, wanda ke tokare mota, santimita 3. Kada ka ce babban ya ninka ƙaramin sau uku. Fili ake aunawa, tsawo da faɗi duka, uku sau uku ke nan, sau 9. Tsakaninsu babu komai sai mai da ƙananan bawul. In ka danna ƙaramin, matsin da ka sa wa man nan yana isa kowace kusurwa daidai wa daida, bai ragu ba. Da ya iso ƙarƙashin babban fistin sai ya tarar da fili sau 9, sai turin ya zama sau 9.

Ba ni na gano wannan ba. Wani Bafaranshe ne, Blaise Pascal, wanda aka haifa a 1623 ya mutu a 1662, bai ko cika arba'in ba. Bayan mutuwarsa, a 1663, aka buga rubutunsa kan yadda ruwa ke isar da matsi. Sai da aka shekara fiye da ɗari kafin wani maƙerin makulli a Ingila, Joseph Bramah, ya yi rajistar injin matsa kaya da ruwa a 1795. Ka ga abin da nake yawan gaya maka, mai alƙalami ya faɗa, amma sai mai guduma ya zo kafin abu ya tashi. Za ka gamu da sunan Pascal a littafin kimiyyarku, don da shi ake kiran ma'aunin matsi, ko da yake mai faci ba ya ambatonsa, sai dai ka ji ya ce ya sa maka talatin da biyu.

Ba mai kaɗai ke taimakonka ba, akwai sanda. Daga ƙusar da take juyawa zuwa inda ka riƙe, santimita 30 ne. Daga ƙusar zuwa kan ƙaramin fistin, santimita 2. Ta ninka maka ƙarfi sau 15 tun kafin mai ya san ana yi, kamar yadda kake zura bututu a sifana in noti ya ƙi. Yanzu haɗa: 15 sau 9, 135. Ka danna da nauyin kilo 10, wanda ko ƙanenka zai iya, jak ya tura da kilo 1,350. Gogayya da roba za su ci kaɗan daga ciki, amma ya isa, tunda ba motar duka kake ɗagawa ba, kusurwa ɗaya ce, sauran tayu uku na riƙe da nasu rabon.

Na ga kana murmushi kamar ka tsinci dami a kala. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau nawa ka buga sandar nan jiya kafin taya ta bar ƙasa? Ba ka ƙirga ba, amma na ga gumi. Duk bugu ɗaya, in hannunka ya sauka santimita 27, motar milimita 2 kacal take hawa. Kafin ta hau santimita 10 sai ka yi bugu 50. Yi lissafin da kanka: kilo 10 sau santimita 27, 270. Can kuma kilo 1,350 sau santimita 0.2, wato milimita 2 ɗin nan, shi ma 270. Abin da ka zuba shi ka kwasa. Jak ɗan canji ne, ka ba shi doguwar tafiya da ƙaramin ƙarfi, ya ba ka babban ƙarfi da gajeriyar tafiya. Duk wanda ya zo maka da labarin injin da ke ba da fiye da abin da ya ci, ka riƙe aljihunka.

Abin da ke riƙe motar a sama bayan ka saki sanda, wani ɗan ƙwallon ƙarfe ne da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, yana toshe wa mai hanyar komawa. Shi da roba guda. A kansu za ka ɗora ƙirjinka? Ina yaro kamarka, a garejin da na koyi aiki, na ga jak ya saki da wani babban yayanmu a ƙarƙashin akori-kura. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau da sanda yake tafiya. In na sake ganin ka shiga ƙarƙashin mota ba ka tokare ta da ƙarfe ko kututture ba, ba ka sa waigi a taya ba, ranar za ka koma gida.

To birki. Birkin ƙaramar mota jak ne da aka shimfiɗa. Feda ita ce sandar, masta shi ne ƙaramin fistin, waɗanda ke cikin tayu su ne manyan, bututu kuma ya kai mai ga kowa. Duk dabarar ta rataya a kan abu ɗaya: mai ba ya matsuwa. Gani ya kori ji. Samo sirinji marar allura, ka cika shi da ruwa, ka toshe bakin da yatsa ka danna. Ba zai motsa ba. Zubar da ruwan ka bar iska, ka sake. Zai shige har rabi, ka saki ya dawo. Haka kumfar iska ke yi a bututun birki. Direba ya taka, tafiyar fedar duka ta ƙare wajen matse kumfa, taya ba ta sami komai ba. Shi ne za ka ji ya ce birkinsa ya yi laushi, sai ya yi famfo biyu ko uku kafin ya kama.

Iska kuma ba sai ta shigo daga waje ba, zafi na iya haifar da ita a ciki. Mota mai gudu tana ɗauke da ƙarfin tafiya, birki kuwa ba ya ɓatar da shi, zafi yake mayar da shi. Ƙarfin nan ba ya tashi daidai da gudu. Ka ninka gudu, daga 40 zuwa 80, shi ya ninka sau huɗu, filin da za ka ci kafin ka tsaya ma haka. Man birki sabo mai lamba DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuwa 230. Amma man nan mashayin danshi ne, in ya tsufa ya sha ruwa, na farkon kan sauko wajen 140. Da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa ɗan'uwan iska ne, feda sai ta tafi ƙasa. Yanzu ka gane haukan masu ɗura ruwan sabulu don tsimin kuɗi, ruwan da ke tafasa a 100. Baƙin mai ma kada ka kuskura, kumbura robobin yake yi. Gwangwanin da aka buɗe aka bari ba murfi tun damina, zubar da shi.

Na san abin da ke bakinka: ai tirela da iska take birki. Gaskiya ne, amma can ba ƙafar direba ke turawa ba. Injin ne ke tara iska a tanki, an riga an matse ta tun kafin a buƙace ta, feda ƙofa kawai take buɗe mata. Shi ya sa direba ke zama da asuba yana jiran geji ya hau kafin ya motsa, kuma in iskar ta zube, sifirin ne ke danne tayun baya. Sai dai zafi bai bar ta ba ita ma. Tirelar da ta ɗauko buhu 600 na siminti, tan 30 ke nan ban da nauyin kanta. In ta kamo gangaren shigowa gari ta hanyar Bauchi, direban kirki giyar ƙasa mai nauyi yake sa mata tun daga sama, injin ya riƙe ta. Wanda ya dogara da feda kaɗai, tun daga nesa za ka ji ƙaurin birkinsa.

Gobe in Allah ya kai mu Golf ɗin can za mu yi wa. Daga tayar da ta fi nisa da masta za mu fara. Kai ne a kujera: ka taka sau uku ka riƙe, in buɗe noti, feda ta sauka, kada ka ɗaga ƙafa sai ka ji na ce na ɗaure, in ba haka ba iskar da muka kora za ka zuƙo. Bayan kowace taya ka fito ka leƙa kofin mai, kada ya ƙafe. Tashi ka kwashe sifanun nan, an kusa kiran magariba. Ka biya kemis ka taho da sirinjin.