Na'ura takarda take karantawa

Ɗana, kana tambaya wai tunda an sa mana na'urar karanta lambar jikin kwalin magani a famasin asibiti, me ya sa nake matsa maka ka binciki kowane kaya, har ka tsare direba da tambaya. To saurara.

Akwai wani dila da na daɗe ina ba shi amana. Cikin watan Afrilu, ana tsananin bazara, ya kawo min allurar oksitosin ta ɗakin haihuwa, mai tsayar da jinin mai jego. Allurar nan firij take so, digiri 2 zuwa 8. Ya zo da ita cikin akwatin sanyi, ƙanƙara har tana raɓa. Aka haska a na'ura, suna daidai, lambar NAFDAC daidai, wa'adi da saura. Ashe kayan sun yi makonni a shago mai rufin kwano, ba wuta, sai da zai taho ya zuba musu ƙanƙara.

Da daddare ungozoma ta faɗo famasi hannunta na rawa, ta ce sun yi wa mai jego allura sau biyu, jini ya ƙi tsayawa. Allah ya taimaka akwai misoprostol, ƙwayar da ita ma ke tsayar da jini, da shi aka ceto baiwar Allahn nan. Kayan duka aka zubar, kuɗin kuma daga albashina aka riƙa yanka. Da na tare dilan, ko kunya babu, ya zaro takardar da kwamfuta ta buga ya ce ai na'urarmu ta karɓa. Har gobe ban yafe masa ba.

Kada ka ce don a nan ne. A asibitin Vanderbilt da ke Amurka, a 2017, wata nas tana neman Versed, maganin kwantar da hankali, ta danna haruffa biyu, VE, a kabad ɗin magani mai kwamfuta, ta tsallake gargaɗi, ta ɗauko vecuronium mai shanye jiki. Majinyaciyar ta rasu, a 2022 kotu ta kama nas ɗin da laifi.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu ke nan. Gargaɗi ya fito a allo, kafin ku karanta kun danne shi, ido na kan waya.  Gobe za a kawo insulin, kai za ka karɓa. Ka tambayi inda ya kwana, ka nemi takardar awon sanyinsa, in babu ka mayar masa da kayansa.